Tozon Rana da Langa-langar Malam Buba

Ƙarfe bakwai na safe ake canza takarda, ko ana ruwa, ko ana sallar Idi. Kafin ka taɓa ƙofar ɗakin sai ka tsaya gaban wata ƙwarya da ke gindin darbejiya, taku talatin daga bango, ka zube duk ƙarfen da ke jikinka: makullai, wuƙa, agogo, bel, tabarau, har takalmi in akwai ƙusa a dunduniyarsa. Ka shafa jikinka daga hula zuwa ƙafa, sannan ka shiga. Shekara ashirin da biyar na yi ina wannan a wani ɗan ɗakin ƙasa da ke arewa da Garuwa, bayan gonakin auduga.

Ku da kuke zuwa mini yanzu daga jami'a, kuna dangwala waya kuna nuna mini layi yana hawa yana sauka, kun ɗauka abin ke nan. Kwanaki ɗayanku ya ce, "Baba Hamisu, ashe dai gadin allura kuka yi." Na bar shi ya gama dariyarsa. To ku zauna in gaya muku yadda ake gadin allurar, da yadda mutum yake ɓata aikin shekara goma sha ɗaya tsakanin azahar da la'asar.

Ni ɗan mai gyaran agogo ne. Kakanmu daga Kano ya zo da fatauci, ubana ya zauna a bakin kasuwa da ƙaramin gilashi a ido, ni kuma na tashi a gefensa. Shekara guda bayan an yi sabon shugaban ƙasa, wani dattijo ya kawo mana wata ganga ta tagulla mai kayan agogo a ciki, ya ce tana latti. Na gyara. Ya dawo bayan mako biyu ya ce wa ubana yana neman mai hannu irin nawa. Shi ne Baba Tize, mutumin duwatsun Kafsiki, Kirista, wanda ya riƙe ɗan ɗakin nan, tashar awo, tun zamanin Turawa. Wani ofishin bincike a Yawunde ne ke da tashar, amma a Garuwa kowa ya san ɗakin da sunan ɗakin Tize.

Ranar farko ya shigar da ni bayan ya cire mini har allurar da ke riƙe da aljihun rigata. Ɗakin rabinsa a cikin ƙasa yake, don kada zafi ya riƙa hawa da sauka. Duhu ƙirin. A kan wani ginshiƙin dutse akwai ɗan mayen ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, rataye da zare mai sirantar gashi, da ɗan madubi manne a jikinsa, shi muke kira allura. Ƙaramar fitila tana haska madubin, hasken ya koma ya faɗa kan takardar hoto da aka naɗe a jikin gangar nan da na gyara. Ganga tana juyawa sau ɗaya a kwana. In mayen ƙarfen ya motsa, haske ya motsa, takarda ta riƙe. Da safe ka cire ta, ka kai ɗakin wanki, ka tsoma a ruwan magani, sai layi ya fito.

Na ce masa, "Baba, ai cikin gangar nan akwai ƙarfe. Na gani da idona."

Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya raba mace da namiji. Ya ce, "Akwai. Amma shi yana zaune wuri ɗaya, kuma an auna rabonsa tun tuni. Wanda an san rabonsa ba ya cuta. Kai dai wanda ka gani sabo, fitar da shi."

Rabin maganar nan na biyu shi na riƙe. Na farkon na ji shi, na kuma manta da shi a ranar da ya fi kowace rana amfani.

Layin da ke fitowa a takarda kwance yake da dare. Hantsi ya yi, sai ya fara hawa. Wajen sha ɗaya zuwa sha biyu ya kai ƙololuwa, sannan ya gangaro, kafin magariba ya sake kwanciya. Mu tozo muke ce masa, don kamarsa ɗaya da tozon bijimi. Na tambayi Baba Tize me ke ɗaga shi. Ya fito da ni waje ya nuna sama da haɓa.

"Can sama, inda jirgi ba ya kaiwa, akwai kogi na lantarki. Ba shi da faɗi sosai. Kamar ɗamara ya zagaye cikin duniya, mu kuma Allah ya ajiye mu kusa da ƙarƙashinsa. Rana ne yana tashe shi. Rana ya fito, ya dafa iskan sama, iska ya motsa, lantarki ya kama gudu daga yamma zuwa gabas. Allura yana ji. Kai ba ka ji."

Daga baya na koyi sauran. Rana ba kullum take da ƙarfi ɗaya ba. Akwai shekarun da baƙaƙen tabo ke yawa a fuskarta, a lokacin kogin nan yakan cika, tozo ya yi tsawo. Akwai shekarun da fuskarta ke wankewa, tozo ya rame. Daga cika zuwa cika wajen shekara goma sha ɗaya ne. Wata rana kuma, ba gaira ba dalili, sai tozon ya kife bayan azahar ya zama rami, kogi ya juya da baya. Masana har gobe suna gardama a kan wannan. Shi ya sa takardar rana ɗaya ba ta da wani amfani. Ana son shekaru a jere, babu giɓi, babu ƙarya, don a ga abin da rana ta yi wa kogin daga cika zuwa cika. Duk darajar aikinmu a nan take.

Saboda haka akwai littafi. Komai ya kusanci ɗakin sai an rubuta shi da lokacinsa. Makiyayi ya wuce da adda a rataye, a rubuta. An yi tsawa, a rubuta. Wata shekara sufurefe, mai mulkin gundumarmu, ya zo ziyara da jandarma a bayansa. Sufurefe ya zube makullansa a ƙwarya yana murmushi, jandarma ya ce shi bindigarsa ba ta rabuwa da ƙugunsa. Baba Tize ya tsaya a ƙofa ya buɗe hannuwa, ɗan tsoho da bai kai kafaɗar mutumin ba. Jandarma ya zagaya ta baya ya leƙa ta ramin iska. Washegari da na wanke takarda sai ga wani ƙaho ya fito a gefen tozo, daidai sha ɗaya saura kwata. Baba Tize ya ɗauki alƙalami ya rubuta a ƙarƙashin ƙahon: jandarma. Haka aka aika da ita Yawunde.

Masu zuwa wurinmu kaɗan ne, amma suna zuwa. Masu awon filaye sukan zo su gwada kamfas ɗinsu. Wasiƙu sukan zo daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, ana neman kwafin wata kaza. Wanda ya fi kowa zuwa shi ne Musiye Pol, mai riƙe da rediyon kiran rassa a wani kamfanin auduga. Shekarata ta shida a aiki, wata safiya na wanke takarda na ga layi ya haukace, ya yi sama ya yi ƙasa, ya fita daga takardar gaba ɗaya ya dawo. Na ɗauka gizo-gizo ya shiga ya taɓa zaren, ko na shiga da wani abu ban sani ba. Ina tsaye da ita tana ɗiga sai ga Musiye Pol a kan babur, ya ajiye shi can nesa kamar yadda aka koya masa, ya taho da gudu.

"Papa Tize, tun jiya ina kiran reshenmu na Tuboro, shiru. Kamiyon goma, manyan motocin auduga, suna jiran umarni. Shef, maigidana, ya ce ni na lalata rediyo."

Baba Tize ya karɓi takardar daga hannuna, ya ɗaga ta, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. "Kai ba ka lalata komai ba, shi ma yaron nan bai lalata komai ba. Rana ne ya yi amai. Kai wa shef naka wannan, ka ce ya jira kwana biyu."

Kwana biyu aka yi, Tuboro ta amsa. Ranar na ji girman aikin a raina, na kuma yi alfahari da shi.

Baba Tize ya yi ritaya ya koma duwatsu, ya bar mini makullin tagulla da littafi. Ba a daɗe ba ƙasa ta shiga wuya. Aka yanke albashi, aka karya darajar sefa, motar da ke zuwa daga Yawunde duk wata uku ta kawo takarda ta kwashi wankakku ta daina zuwa. Na rubuta wasiƙa, shiru. Na sake rubutawa, aka amsa da cewa in yi haƙuri, in ci gaba da abin da ke hannuna. Na riƙa roƙon ragowar takarda a wurin masu ɗaukar hoto na cikin gari ina yankawa daidai ganga. Ruwan wanki na riƙa sirkawa har layi ya koma ruwan toka. Abokan aiki na wasu tashoshi suka kulle ƙofa suka kama acaba. Ni ban rasa rana ɗaya ba. Wankakkun takardu kuma na shiga jera su a akwatunan katako a ɗakina, tunda babu mai karɓa.

A damina ta uku bayan karyewar sefa, jinka ta gaza. Rufin ɗakin na ciyawa ne, ɗaure da igiya, babu ƙusa ko ɗaya, kuma duk shekara biyu ake sake baibaya. Gara ta cinye tsaikon da ke riƙe da ciyawar, iskar farkon damina ta ɗauke rabi, na kwana uku ina rufe ginshiƙi da tabarma da leda. Na san in na sake yin ciyawa, badi haka za a koma, ni kuma ba ni da mai taimako. Na sayar da babur ɗina na sayi kwanon alminiyom, wanda mayen ƙarfe ba ya kamawa. Na ɗauki babban mayen ƙarfe na gwada kowane falle, gaba da baya. Na gwada ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta manne na jefar. Na kira Malam Buba kafinta, Bafulatani, mutumin da ba a taɓa jin rufinsa ya tashi ba. Na kwashe allura da madubi na kai gida, na yi masa bayani sau uku.

"Malam Buba, ƙarfe ko na allurar ɗinki kada ya zauna a ginin nan."

Ya ce, "Na ji, Malam Hamisu. Walaa ayibe, ba matsala. Ƙusarka zan sa, kwanonka zan sa."

Kwana biyu ya yi yana aiki, ina tsaye a kansa. Sau ɗaya na bar wurin, ranar Juma'a, na tafi masallaci na biya ta wurin masu hoto. Da na dawo ya gama, har ya yaɓe kusurwoyi da laka sumul. Na zagaya da mayen ƙarfena na taɓa kwano, na taɓa kan ƙusoshi, babu abin da ya kama. Na mayar da allura, na daidaita ta, na rubuta a littafi: sabon rufi, alminiyom, an gwada.

Bayan haka tozo ya fara tsawo. Ban yi mamaki ba, don lokacin ne ma rana take farkawa daga shekarunta na rama, kuma ina jiran hakan. Na yi murna. Na rubuta wa Baba Tize wasiƙa na ce bijiminsa ya fara ƙiba. Shekara ta bi shekara, tozo ya cika, ya fara ramewa, na riƙe shi daga wannan rama har zuwa waccan, zagaye guda cif, ni kaɗai, ba mota, ba shef, ba mai cewa sannu. Baba Tize ya rasu a tsakani. Ina ce wa kaina wata rana wani zai zo ya buɗe akwatunan nan ya ga abin da Garuwa ta riƙe lokacin da kowa ya saki.

Wadda ta zo ita ce Dakta Marta, 'yar wajen Kayele, ta yi karatu a waje ta dawo. Ta zube wayarta da 'yan kunnenta a ƙwarya ba tare da na ce mata komai ba, nan take ta shiga raina. Ta buɗe akwatuna ta duba takardun, sannan ta ce, "Papa, kun san abin da ke hannunku? Babu wanda ke da irin wannan a duk yankin nan." Ta gaya mini kuma, a hankali, cewa takardun zamanin Baba Tize da aka riƙa aikawa kudu, ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsu shekaru da suka wuce, sun manne sun ruɓe. Nawa ne kaɗai suka rage.

Ta zo da sabon ma'auni, ɗan ƙarami, mai rubuta wa kansa. Ta binne shi a fili taku hamsin daga ɗakin, ta ce za ta gwada shi da namu na kwana uku. Da dare layukan biyu suka tafi tare. Da rana nawa ya ɗara nata. Rana ta biyu haka, ta uku haka, kuma ranar da aka fi zafi ya fi ɗarawa. Ta ɗauki wani abin awo na hannu ta zagaya ɗakin, da ta kai kusurwa sai lamba ta yi tsalle. Kusurwa huɗu, duka huɗu. Na kawo sanda na fasa lakar. Langa-langa ce, irin wadda ake ɗaure dilar auduga da ita, an naɗe ta a katakon rufi, an gangaro da ita cikin bango kamu biyu, an yaɓe.

Dakta Marta ta yi mini bayani, ko da yake na riga na gane. Rana ta take, kwano ya yi zafi ya miƙe, ya ja katako, katako ya ja langa-langa, ita ma ta ɗau zafi. Ƙarfen ya motsa kaɗan, allura ta ji. Kuma yana yin haka daidai lokacin da kogin sama ke cika. Ƙarfen jandarma ƙaho ya yi a gefe, kowa ya gan shi. Wannan kuwa cikin tozon ya shige ya zauna. Ta dafa goshi ta ce za ta shiga gari ta yi waya da abokan aikinta, za ta dawo da safe. Ba ta ce mini komai game da ƙarfen ba. Ina jin ba ta zaci akwai buƙatar faɗa ba.

Na aika aka kira Malam Buba. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya dubi kusurwar ya gyaɗa kai kamar wanda aka nuna wa ɗansa.

"Ni na sa. Ka ce ƙusa da kwano, na bi maganarka. Amma rufi ba ɗauri, Malam Hamisu? A filin nan? Da iskar farko ta kai shi kogin Binuwai. Shekara nawa yanzu, ko motsi ya yi?"

Na ce, "Ya yi motsi, Malam Buba. Kullum da azahar."

Bai gane ba. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Ƙarfe a ɗakin Tize, a hannuna, shekara goma sha ɗaya. Ban iya barinsa ya ƙara ko sa'a ɗaya ba. Na kwashe allura, na ɗauko guduma da kurfi daga kayan Malam Buba, na fasa kusurwa ta farko har ƙasa. Shi ma da ya ga fuskata sai ya ajiye sanda ya kama mini. Kafin a kira la'asar mun zare duka huɗun, na lanƙwashe su, na kai su bayan gonar auduga na wurga a rami. Na yi alwala na yi salla, har na ji wani sauƙi a ƙirjina.

Da safe Dakta Marta ta sauko daga mota da saurinta, fuskarta a sake. Tun daga gindin darbejiya take magana.

"Papa, akwai hanya. Za mu bar nawa a waje, naku a ciki, wata shida ko shekara, rani da damina. Mu auna rabon ƙarfen a kowane zafi, sai mu cire shi daga takardunku duka. Abu ɗaya ne, kada kowa ya taɓa…"

Sai ta ga kusurwoyin.

Ta matsa ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni ina ƙarafan suke, na nuna mata ramin. Ta ce ko za a iya mayar da su yadda suke, sannan ta girgiza kai tun kafin in amsa. An lanƙwashe su, an buge su da guduma, bango ya fashe, rufi ya zauna wani zama dabam. Ƙarfen da za a mayar ba shi ne wanda ya zauna shekara goma sha ɗaya ba. A nan maganar Baba Tize ta ranar farko ta dawo mini, rabin da na manta. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba, har mutuwar ubana.

Ta tambaye ni ranar da aka yi rufin. Na buɗe littafi na nuna mata, da rubutuna, har da kalmar an gwada. Ƙa'idar aiki ita ce duk takardar da ake shakka a kanta a buga mata jan hatimi, don kada wani ya zo daga baya ya gina magana a kanta. Ta ce za ta turo wanda zai yi. Na ce a'a, ni zan yi. Mako uku na ɗauka, akwati bayan akwati, ina bugawa a kusurwar dama inda ba zai rufe layi ba.

Aka rufe ɗakin a shekarar. Sabon ma'aunin yana can a binne yana aika lambobinsa kudu, shi ne kuke gani a wayoyinku, kuma tarihinsa daga zuwan Dakta Marta ya fara. Malam Buba ya rasu yana gaya wa mutane cewa rufin da ya fi alfahari da shi shi ne na ɗakin Tize. Ban taɓa ƙaryata shi ba, don rufin bai tashi ba.

Akwatunan suna nan a bayanku, kuna iya buɗewa. Wanda ya ce gadin allura na yi, shi ya fara. Ka zaro kowace ka ga dama, ka ɗaga ta wajen haske. Za ka ga tozo mai kyau, wankakke, babu giɓi, da lokacinsa a rubuce. Ranar Allah tana ciki, langa-langar Malam Buba tana ciki. In ka tambaye ni ina ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara, ban sani ba, kuma babu wanda zai ƙara sani.